Ba Malam Ado Ne Ya Goge Rajistar Ruwa Ba

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, wanda na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku labarin kakanninku, na rubuta na aurena da babanku, duk alƙalami yana gudu, amma da na iso nan sai ya riƙa cijewa. Safiyanu, Maryam, Abba, kun taso kuna jin ana kiran gidan Malam Ado da gidan Kashe-Inji. Ke Maryam har na taɓa jin kin faɗa, na watsa miki harara ban gaya miki dalili ba. Daga Kura zuwa Bunkure kowa ya san labarin yadda yake yawo: wai Malam Ado mai kula da janaretan ofishinmu ya kashe inji ya tafi masallaci, rajistar rabon ruwa ta goge, tumatirin mutanen ƙarshen kanal ya bushe. Ya kashe inji, wannan gaskiya ne. Amma ba shi ya goge rajistar ba, uwarku ce.

A lokacin ina aiki a ofishin haɗakar ƙungiyoyin manoman rani, wanda ke jingine da katangar masallacin Juma'a na garinmu. Ni kaɗai ce mace mai kujera a ciki, ni ce kuma mai riƙe da makullin ɗakin na'urori, shi ya sa har tsofaffi ke ce min Rabi Kwamfuta. Ina ɓata fuska in an faɗa, amma a raina sunan yana min daɗi ƙwarai. Wani shiri na tallafa wa noman rani ne ya kawo mana manyan na'urorin ajiya guda biyu, muna ce musu saba, kowace tana riƙe da kwafin abin da ke cikin 'yar'uwarta. A cikinsu rajista take: sunan manomi, gonarsa, ƙofar kanal ɗin da ke shayar da ita, da ranar da ruwa zai zo masa. Da can a littafi ake yi, mai ɗan'uwa a ofis ya sha sau biyu, maras kowa ya yi ta kallon sama. Da rajista ta koma na'ura, masu buɗe ƙofofin ruwa suka daina sauraron kowa sai takardar da nake buga musu ranar Litinin. Wanda sunansa ba ya kanta, ko zai kwana yana rantsuwa, ba za a ɗaga masa ƙofa ba.

Ku yi haƙuri in yi muku ɗan bayani, don sai da shi za ku gane girman wautata. Kowace saba tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai manyan faifai masu ɗaukar kaya da yawa amma masu nawa, akwai kuma 'yar ƙaramar ma'ajiya mai saurin gaske da muke kira filas. Kamar rumbu ne da buhun da ake ajiyewa a bakin madafi. Abin da ake taɓawa kullum yana cikin filas, sabon abin da aka rubuta ma can yake fara sauka, sai daga baya na'urar ta kwashe shi a hankali ta kai faifai. A shekarar da nake ba ku labari an sake auna gonaki, aka ce kowa ya sabunta rajista kafin a saki ruwan rani. Malaman gona suka bazu ƙauyuka da wayoyi suna turo sunaye kai tsaye, babu takarda babu biro. Filas ya cika ya batse, na'ura ta koma tafiyar hawainiya. Manomi zai baro gonarsa ya tsaya a taga, in danna, mu zuba wa allo ido ni da shi har kunya ta kama ni.

Manajanmu, Alhaji Tijjani, kullum sai ya leƙo.

"Hajiya Rabi, yau ma tunani take yi?"

"Tana yi, ranka ya daɗe."

"To ki gaya mata saura kwana goma a saki ruwa. Ko sai mun aika a kawo mana maza daga Kano?"

Dariya ya yi ya wuce, ni kuwa maganar ta tsaya min a rai. Na kira Injiniya Kabiru, wanda ya girka mana na'urorin, na same shi ya tafi wani aiki a kudu. Ya saurare ni, sannan ya ce:

"Akwai wani abu a cikinsu da ba mu kunna ba, matse bayanai. In aka kunna, filas ɗin zai ɗauki kusan ninkin abin da yake ɗauka yanzu, kamar yadda ake danna busasshen zogale a buhu. Amma sai an juye duk abin da ke cikinsa zuwa faifai tukuna, a tabbata ya juye tas, sannan a rushe shi, a kunna matsewar, a sake gina shi. Saba ɗaya bayan ɗaya, Hajiya, kada a haɗa su. Zan turo miki matakan ki karanta, amma ki jira ni, sati biyu zan dawo."

Sati biyu, ruwa kuwa saura kwana goma. Na karanta matakan nan har na haddace su, ina tuka tuwo ina maimaitawa. Sati guda na yi ina juya abin a raina, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, sai na yanke shawarar da a lokacin na ɗauka dabara ce babu kamarta. Aikin yana son lokacin da babu mai turo suna, kuma a ƙasarmu babu lokacin da maza ke sakin waya gaba ɗaya sai lokacin sallar Juma'a. Ofis na tashi ƙarfe sha biyu, kowa ya tafi wanka da shiri, malaman gona ba sa komawa aiki sai bayan la'asar. Ni da Juma'a ba ta wajaba a kaina ba, sai in zauna ni kaɗai in gama kafin a watse. Da na auna lokacin, na ga in na bi su ɗaya bayan ɗaya ba zai ishe ni ba. Sai na ce to a haɗa su, ai hannu biyu gare ni. Ban gaya wa manaja ba, don so nake ya shigo ranar Litinin ya ga na'ura tana gudu ya rasa abin cewa.

Da safiyar Juma'ar, ta ƙarshe kafin sakin ruwa, na faɗa a gida cewa zan yi yamma. Kakarku Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mace ita kaɗai a ofis ranar Juma'a? Gadi aka ƙara miki?"

Babanku yana shirin leƙa gona, ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ba kin ce injiniyan ya ce ki jira shi ba?"

"Malam, kai ka san allon karatu da gona, ni na san na'urata."

"Allah Ya ba da sa'a," ya ce, ya ƙarasa sa takalminsa.

Wajen ƙarfe ɗaya na rufe ƙofar ɗakin na'urori, na yi bisimilla, na ba sabobin nan biyu umarnin juye filas a lokaci guda. Faifai suka ɗauki ƙugi gaba ɗaya, lambobi suka fara hawa a kan allo: goma cikin ɗari, ashirin, talatin da biyar. Ina jin takun mutane a waje, babura suna tsayawa, ana shimfiɗa tabarmi. Ina ta ce wa kaina komai daidai yake. Liman ya hau mumbari ya yi sallama, kafin ya kai ƙarshen hamdala sai na ji ƙarar janareta ta sauka, ta sauka, ta mutu. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Batiran da ke riƙe sabobin suka fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit.

Daga baya na san abin da kowane namiji a garin ya sani. Ɗakin janareta yana bayan alƙibla, ƙararsa tana danne huɗuba, tun shekarar da aka kawo shi liman ya roƙi a riƙa kashe shi har a idar da salla. Malam Ado bai taɓa saɓawa ba. Batira suna riƙe sabobin cikin sauƙi tunda babu mai aiki da su a lokacin, in an sallame ya zo ya tayar da inji, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Ni kuwa shekara da shekaru ina fita ƙarfe sha biyu in tafi girki, ban taɓa zama na ji shirun nan ba. Ranar kuma kowane faifai yana aiki iya ƙarfinsa, batiran suna zuƙewa a gabana kamar ruwa a yashi.

Na ja mayafi na fita da gudu. Ɗakin janareta da kwaɗo, makulli yana aljihun Malam Ado. Na kira wayarsa, a kashe. Na zagaya ta gefen katanga, sahu ya cika masallaci ya malalo har kan titi, maza zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa ya sunkuyar da kai. Can ciki na hango farar hularsa kusa da ginshiƙi. Tsakanina da shi bai kai nisan ƙofar gidanmu zuwa rijiya ba, amma ta ina zan bi? Mace ta keta sahun maza ana huɗuba? Ko na kusa da ni ba zan iya yi wa magana ba, don ba zai amsa ba, kuma in ya amsa na ɓata masa ladarsa. Wani dattijo ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya ina murza hannu, zufa tana bin bayana, ina roƙon Allah Ya sa liman ya taƙaita. Ranar kuwa kamar an aiko shi, bai ma gama huɗubar farko ba.

Na koma ɗakin, ya ɗauki zafi kamar gidan burodi. Juyewa ta kai casa'in da huɗu a ɗaya, casa'in da shida a ɗayar, ta tsaya tana rarrafe. Batir ya nuna saura minti tara. A nan ne tsoro ya karɓe min tunani. Na sa a raina cewa in wuta ta mutu aiki yana tsaka, komai zai wargaje, duka biyun, tunda ni na haɗa su. Na ce gara in ƙarasa matakan da sauri, ɗan abin da ya rage ai ba zai zama komai ba. Na ba da umarnin rushe filas. Na'urar ta ƙi, ta rubuto min ƙarara cewa akwai bayanan da ba su sauka a faifai ba. Ku lura da wannan, 'ya'yana: ta gaya min, kuma na karanta. Akwai wata kalma da ake ƙarawa a ƙarshen umarni in ana so a tilasta mata, na san ta, na rubuta ta. Na rubuta wa ta farko, na rubuta wa ta biyu. Na kunna matsewar, na sake gina filas, komai ya amsa. Ana kabbarar farko a masallaci batiran suka mutu, ɗakin ya yi tsit, har na ce alhamdu lillahi na tsira.

Bayan salla aka yi jana'iza, sai wajen uku na ji inji ya tashi. Malam Ado ya leƙo, carbi a hannunsa.

"A'a, Hajiya, ashe kina ciki? Ai da kin gaya min, da na roƙi liman ya yi mana uzuri yau."

Ko juyowa ban yi ba, idona yana kan allo. Sabobin sun tashi, amma rajista ta ƙi buɗewa. Na gwada, na sake gwadawa, har aka kira magariba.

Injiniya Kabiru ya baro aikinsa ya iso ranar Lahadi. Ɗan abin da na raina ashe a warwatse yake cikin rajistar ko'ina, da ya tafi sai ta yage ta yadda ba ta ɗinkuwa. Dole aka koma wa kwafin da muke kaiwa Kano ajiya, wanda ya yi sati biyu. Duk sunan da aka shigar bayan nan ya tafi. Malaman gona kuwa daga bakin kanal suka fara, don haka waɗanda suka ɓata su ne na ƙarshen kanal ta wajen Bunkure, mutanen da ko a shekarar lafiya su ne ƙarshen sha. Injiniya ya buɗe inda na'ura ke rubuta duk umarnin da aka ba ta, ya ɗora yatsa a kan kalmar nan, ya juyo.

"Hajiya, filas ba ya mantuwa don an ɗauke wuta. Da kin naɗe hannu kin bar batiran sun mutu, da inji ya tashi za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ko suna ɗaya ba zai ɓata ba."

Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yarinya.

"Me kike so in rubuta a rahoto?" ya tambaye ni.

Na kawar da kai. Ya rubuta cewa wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyara, ya sa hannu.

Ranar Litinin aka saki ruwa, aka kuma zauna taro a ofis da shugabannin ƙungiyoyi. Aka kira Malam Ado, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi.

"Ranka ya daɗe, kowace Juma'a haka nake yi, kai ma ka sani. Ba wanda ya ce min akwai aiki."

Alhaji Tijjani ya juyo gare ni. Shi ma mafita yake nema, don mutanen ƙarshen kanal sun cika harabar.

"Hajiya Rabi, tambaya ɗaya. Da ba a kashe inji ba, da wannan abu ya faru?"

Duk ɗakin ya zuba min ido. Na tuna masu cewa dama kujerar ba ta mace ba ce, na tuna bakin Inna, na tuna ku.

"Da bai faru ba," na ce.

Ban faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba. A ranar aka karɓe makullin Malam Ado aka sallame shi.

Sake rajistar ya ci kusan sati uku, masu buɗe ƙofa suna bin takarda, takarda kuma ba ta san da mutanen nan ba. Sun riga sun yi dashe don sun san ranarsu. Wasu suka jawo injin ban ruwa daga magudana, wasu suka yi ta jido a jarka, amma dashen tumatir ba ya jiran taro. Na bi ta wajen sau ɗaya a a-daidaita-sahu, na ga kunya-kunya sun yi fari, dashe ya kwanta ya ƙone, wani mutum yana tsugune a tsakiyar gonarsa ba ya yin komai. Gonar babanku tana kusa da bakin kanal, ta yi shar. Shekarar nan in aka sa tumatirinmu a miya, sai in ture kwanon. A bakin masallaci aka fara ce wa Malam Ado Kashe-Inji, surukinsa ma yana cikin waɗanda suka yi asara, ya daina gaishe shi. Abin da ya fi ci min rai, matsewar ta yi aiki. Na'ura ta koma gudu, layin taga ya ɓace, manaja ya riƙa nuna ni ga baƙi yana cewa ga Rabi Kwamfuta.

Babanku ne kaɗai na gaya wa, bayan ya gaji da ganin ina ramewa. Da na gama ya ce:

"Rabi, haƙƙin mutum ne. Gobe ki je ki faɗa."

"Gobe, Malam."

Da ya sake tuna min na ce a bari ƙura ta lafa, daga baya na ce a bari in yi ritaya. Duk Juma'a in na ji liman ya hau mumbari sai gabana ya yanke ya faɗi, ko ina madafi. In na hango Malam Ado a hanya sai in sake lungu. A ciwonsa na ajali babanku ya riƙe hannuna ya ce, "Kin je wajen Ado?" Na ce zan je. Ya rufe ido, kuma har ya koma ga Allah ban je ba.

Sai bayan Sallar da ta wuce na je. Na same shi a Kura, gindin wata bishiya kusa da masu casar shinkafa, yana gyaran injinan ban ruwa, hannu duk baƙin mai, ido ya fara dushewa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, tun daga haɗa sabobin har kalmar da na rubuta. Yana ta goge wani ƙarfe da tsumma har na gama.

"Hajiya, ai tun ranar na sani."

"Ka sani, Malam?"

"Da na leƙo, da ni na ɓata miki aiki, da kin taso min da faɗa, kowa ya san bakinki. Sai na ga ko kallona ba ki iya yi ba."

"To me ya hana ka faɗa a taron?"

"Da wane Turancin? Ni injin na sani, abin da ke cikin ɗakin naki ban san shi ba."

Na ce ya yafe min don Allah. Ya ce ya yafe tun tuni, don ba zai iya kai nauyin nan kabari ba. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ajiye ƙarfen ya dube ni.

"Nawa na yafe. Amma jikata ta dawo daga Islamiyya jiya tana kuka, an ce mata jikar Kashe-Inji. Ba a gindin bishiyar nan aka sa min sunan ba, Hajiya. A bakin masallaci aka sa min shi."

Shi ya sa na rubuta wannan babi, kuma ban yarda a jira mutuwata ba. Safiyanu, kai ne babba. Na riga na aika wa liman, ya amince. Juma'a mai zuwa, in an sallame kafin mutane su watse, ka karɓi lasifika ka karanta shi daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake layi don ka rufa min asiri. Abba ya ɗauko Malam Ado a mota ya zaunar da shi a sahun gaba. Ni zan tsaya a gefen katanga, inda na tsaya a wancan karon, ke Maryam ki riƙe min hannu. Na san ka da sauke murya in kana jin kunya, Safiyanu. In ka zo kan sunana ka ɗaga ta, na sahun baya ma su ji.